Ɗakin da Mota ke Gudu a Tsaye

Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Damanar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, abin da muka girba a gonarmu ta gefen Hamdara bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Mata suka koma jiƙa anza, ƙwayar wani icen daji mai ɗaci, a zubar da ruwan ɗaci a sake wani, ruwan ma sai an yini a bakin rijiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai na wannan shekara shi ne shirun gari. Da safe ba ka jin daka a gidan kowa.

Gidanmu ɗan abin da ɗana na fari ke aikowa daga Libiya ne ya riƙe shi. Ba na faɗin sunansa. Haka na tarar ana yi, uwata ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba, ni ma ban taɓa ba. Yana yaro nakan ce "kai", da ya haifi ɗiya sai na samu sauƙi, nake cewa baban Zule. Ko ya kira a salula ba ni ke karɓa ba. Matarsa Rabi ke magana, ni ina gefe ina tsintar ganye kamar ba na ji, shi kuma ya sani, sai ya riƙa cewa, "Ki gaya wa Inna." Ta haka na san aikinsa. Ya ce a garajin da yake, saurare ne aikinsa. Ya ce, "Ki gaya wa Inna in inji zai mutu yakan yi wata ƙara, kamar tsakuwa a gindin ƙwarya in tana regayar gero. Da na ji sai in ɗaga hannu a tsaya." Rabi ta yi dariya, ni ma na yi, amma cikin mayafi.

Daga baya kiran ya yanke. Saƙon kuɗi yana zuwa ta hannun masu dawowa, murya ba ta zuwa. In Rabi ta kira, sai a ɗauka a yi shiru a kashe. Wani ɗan garinmu da ya dawo ya ce ya gan shi a hanya, ya yi masa sallama har sau nawa bai juyo ba. Mutane suka ce girman kai ne, wasu suka ce ƙwaya. Na yi wa Rabi da Zule alkawari zan je in dawo da shi kafin ruwan shuka, don gona ba namiji. Na sayar da tunkiyar da ta rage.

A Agadas na fara sanin cewa tsufa ba ya hana a cuce ka. Wani ɗan kamasho mai fara'a ya ce mini, "Inna, ke da zama saman kaya? Gaban ƙaramar mota kat-kat zan sa ki, kusa da direba." Na biya kuɗin gaba. Ranar tafiya aka nuna mini ƙaton kamyo na ɗaukar kaya an yi masa lodin buhuna har sama, mutane a kai kamar tsuntsaye. Na nemi mai fara'a, aka ce ba a san mai wannan suna ba. Samari biyu suka ja ni da hannu na hau.

Ba zan iya ba da labarin rairayin nan duka ba. Ruwan da ke cikin bido, wato jarka, yana warin fetur, aka ce da gangan ake ɗiga shi don kada a sha da yawa. Ƙafata ta kumbura don ba wurin miƙe ta. Akwai wani mutumin Gana a gefena, ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasa. Da ya ga gyangyaɗi na ɗaukata, sai ya kwance rawaninsa ya ɗaure ƙuguna da igiyar kaya don kada in faɗi, shi ya bar kansa a rana. A Dirku na ba shi ƙuli-ƙuli, ya karɓa da hannu biyu. Har muka rabu ban san sunansa ba.

A Sabha guzuri ya ƙare. Na zauna gidan wata mata 'yar Matamai mai sayar wa leburori abinci, ina wanke mata kwanuka. Can wani ya ce ya san ɗana, in ba shi salula ya kira mini mai garajinsu. Ya sha kwana da ita a kunne, ban sake ganinsa ba. A cikinta lambar Rabi take, amma na rubuta lambar a bakin zanena tun a gida, abin da makarantar manya ta amfane ni ke nan. Abinci a gidan matar nan yana da yawa, taliya har a zubar. Duk lokacin da na kankare saura a bola sai in tuna Zule tana lasar ƙwarya, in kasa cin nawa. Na daɗe a nan kafin in haɗa na mota zuwa Turabulus.

Garajin yana bayan gari, cikin layin masu ƙira da walda. Tun daga nesa na ji wani ruri da ban taɓa jin irinsa ba, yana hawa yana hawa har na ji shi a haƙorana, sannan ya faɗi. Wani mutum mai furfura a gemu, rigarsa duk baƙin mai, ya fito yana goge hannu. Na yi masa sallama da Hausa don ban san wata ba.

"Wa alaikumus salam. Wannan sallama ta Damagaram ce," in ji shi. "Me kuka zo ci mana kuma? Kun gama da Kano kun biyo mu har nan?"

Na ce, "Ashe Bakano ne. To ka rufe aljihunka, ni ma zan rufe nawa."

Ya yi dariya har da tafi. Sunansa Ɗanlami. Da na ce ina neman baban Zule ɗan Hamdara, sai dariyar ta ragu.

"Likita kike nufi. Haka muke ce masa, don shi ke sa tiyo a kunne yana auna inji kamar mai duba ƙirji. Ke ce innarsa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Zo, amma ki tsaya ta gabansa inda zai gan ki."

Ɗana yana tsugune yana naɗe wata ɗamarar ɗaure mota, ya ba mu baya. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na yi gyaran murya. Na ce, "Sannu da aiki." Ni dama muryata ba ta da ƙarfi, tun ina yarinya ake cewa in ƙara. Na ƙara. Bai motsa ba. Sai da Ɗanlami ya taɓa kafaɗarsa ya juyo, ya gan ni, ɗamarar ta faɗi.

"Inna," ya ce, da ƙarfi kamar mai kira daga wata gona. "Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa. Ya zuba wa bakina ido. Na girgiza kai, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Ɗanlami ne ya gaya mini sauran a bayan garaji, yana ba ni shayi. Kunnen dama ya fara tafiya a hankali. Na hagu kuma rana ɗaya ya tafi, ranar da wani tiyon iska ya fashe kusa da kansa. Mudir, wato mai garajin, bai sani ba. Da ya sani da ya sallame shi.

Na ce, "To yaya yake aikin?"

"Da dabara. Yakan dafa mota da hannu, yana kallon fuskar mudir da ke duba ordinata, wato kwamfuta. In ya ga an daɗe ana ƙara wa inji wuta sai ya ɗaga hannu tun da wuri. Allah na rufa asiri, ni ma ina rufawa."

"Kai ba ka iya karɓarsa?"

"Inna, ni kunnena na jin cinikin kasuwa ne. Na gwada, duk ƙara ɗaya nake ji. Kuma ni ke kan ɗamara da fanka."

Na ce da shi ya gaya wa ɗana na zo tafiya da shi ne. Ɗanlami ya ce wannan ni zan faɗa da kaina. Na samu wata mota mai ƙura a gilas, na rubuta da yatsa: mu tafi gida. Ɗana ya yi lakwal, makarantar boko, kaɗan yana yaro, ya haɗa baƙaƙen. Ya sa tafin hannu ya share, ya ce, "Bayan watan nan." Watan ya wuce, ya ce bayan wani.

Don kada in zauna haka, Ɗanlami ya roƙi mudir ya bar ni ina shara da dafa shayi, ina kwana a ɗakin ɗana shi yana kwana a garaji. A nan na ga ɗakin da ake rurin. Suna ce masa daino. A ƙasa akwai manyan gangunan ƙarfe, a hau da mota tayoyinta huɗu su zauna a kai, a ɗaure ta gaba da baya kamar saniyar da za a yi wa magani. Sai a ba ta wuta. Tayoyi na gudu kamar za su tsinke, mota ba ta matsa ko taku ɗaya. Ranar farko na fita da gudu na bar tsintsiya.

Masu motocin samari ne 'ya'yan masu hali. Ba su zo gyara ba, motocin lafiya lau suke. Lamba suke so. In an gama gudu wata lamba mai nuna ƙarfin mota kan fito a allon ordinata, su taru su leƙa, wani ya yi murna wani ya ɓata rai. Na tambayi Ɗanlami me suke faɗa a kai kullum.

Ya ce, "Ƙarfin da inji ya haifa ba shi ke isa taya ba. Sai ya bi ta buwati, akwatin giya, ya bi ta kardan, sandar da ke juya tayoyi, ya rabu gida biyu gaba da baya, kowane ƙarfe ya ci nasa ya mayar da shi zafi. Mota mai ja da ƙafa biyu asararta kaɗan ce. Waɗannan masu ja da huɗu sun fi kowa zubarwa a hanya. Ganga kuwa abin da ya iso taya kawai take aunawa. Yaro ya sayi turbo mai hura wa inji iska da tsada, an ce masa zai ga kaza, ya zo ya ga ƙasa da haka, sai ya ce mudir bai iya aiki ba."

"To sai a yi yaya?"

"Abin da ya zube a hanya ba ya dawowa. Sai a matsa wa inji ya haifi ƙari. A ƙara masa iska, a gaggauta masa wuta, a yi ta matsawa har bakin mutuwa. Likita ne mai cewa nan ne bakin."

Tiyon nasa na gani da idona. Guntun jan ƙarfe ne a ɗaure jikin inji, da tiyo mai baki biyu da yake cusawa a kunne. Sauran ma'aikata suna toshe kunnensu da auduga. Shi kaɗai ake zuba wa rurin kai tsaye.

Da zafi ya tsananta aka ƙara mini aiki. A gaban kowace mota akwai wani akwati mai sanyaya iskar turbo, in ya yi zafi lamba ta faɗi. Sai a sayo ƙanƙara manya-manya, in fasa, in riƙa jera wa akwatin kafin kowane gudu. Ruwan na narkewa yana bin rariya. Ban iya kallo ba, na sa roba ina tarewa. Ɗanlami ya gani ya ce, "Inna, a kai za ki kai shi Damagaram?" Na ce ko alwala a yi da shi. Bai ƙara tsokanata a kan wannan ba, da kansa yake matsar mini da robar.

Wata ranar Alhamis da la'asar aka kawo wata shuɗiyar mota mai fiffike a baya. Mai ita yana da gasa da abokansa washegari, ya ce ba zai fita ba sai ya ga lambar da yake so. An yi gudu, an sake, an sake, bai gamsu ba. Ɗana ya ɗaga hannu, saurayin ya daka masa tsawa da Larabci, mudir ya yi masa alama ya sauke, wai ya cika tsoro. Aka ce in ƙaro ƙanƙara. Na jera, na koma bakin ƙofa da bokiti a hannu, ban sa auduga ba don ta riga ta faɗa cikin ruwa.

Aka ba ta wuta. Rurin ya hau. Ɗana yana tsaye gefen inji, tiyo a kunne, hannu a kan mota, idonsa a kan mudir. Can cikin rurin, a ƙarƙashinsa, na ji ta. Ƙarama ce, busasshiya, tsakuwa a gindin ƙwarya. Na shekara nawa ina regaya, ba zan ɓata ta ba.

Na dubi hannunsa. Bai ɗaga ba. Na ce "kai". Ni kaina ban ji ba. Na ce "baban Zule". Ɗanlami yana can bayan fanka ya ba ni baya. Tsakuwar ta ƙaru ta zama kamar ana zuba ta a kwano. Na saki bokitin, na buɗe bakina yadda ban taɓa buɗewa ba tun da aka haife ni.

"Lawali! Lawali!"

Mudir ya waiwayo daga cikin mota. Ɗanlami ya waiwayo. Har saurayin ya waiwayo. Shi kaɗai bai juyo ba.

Sai wani abu ya buga kamar an jefa turmi a rijiya, farin hayaƙi ya cika ɗakin, baƙin mai ya malalo kan ganga. Rurin ya mutu.

Saurayin ya yi ta zagi yana dukan bango. Mudir ya buɗe ƙofar mota. Ya fito, ya zagaya bayan ɗana, ya tafa hannu daidai ƙeyarsa. Ya sake tafawa. Sannan ya zare tiyon daga kunnensa a hankali, ya rataye a ƙusa, ya nuna masa ƙofa.

Muka koma ɗaki rana ba ta faɗi ba. Na zauna a bakin katifa, shi a ƙasa. A raina na ce to, ga abin da na zo nema, ba mai riƙe shi yanzu. Na rubuta a ƙurar dandamali: mu tafi gida, ruwa ya kusa.

Ya karanta. Ya ce da wannan muryar tasa mai ƙarfi, "In je in ci me, Inna? Na Zule zan raba da ita? Ko an yi shuka yau, wa zai ciyar da su har kaka? Kurma ba ya jin ko kukan ɗiyarsa." Irin shukar ma mun cinye shi kafin in taso, ban gaya masa ba.

Kafin magariba Ɗanlami ya shigo. Bai yi wasan Kano da Damagaram ba. Ya tsuguna ya ce mudir ya tambaye shi me tsohuwa ta ji har ta yar da bokiti kafin hayaƙi ya fito.

"Na gaya masa. Ya ce in kina so, ke ki sa tiyo, Likita ya koma kan ɗamara tare da ni. Albashin mutum ɗaya, ku biyu. Ya ce in ba haka ba kada ya sake ganin ɗayanku." Sannan ya ce, "Ni dai an aiko ni ne. Da uwata ce, da na ce kada ta yi."

Na ce, "Shekara nawa kunne ke ɗauka kafin ya tafi?"

"Nasa bai kai damana uku ba. Kuma shi yaro ne."

Ɗana yana kallon bakinmu. Ya matsa wa Ɗanlami sai ya faɗa masa, Ɗanlami ya yi masa nuni da hannu, ya nuna ni, ya nuna kunne. Ɗana ya miƙe tsaye. "Ba za ta yi ba. Wallahi ba za ta yi ba. Gobe zan sa ta a mota." Ɗanlami ya bari ya gama, sannan ya ja shi ƙasa ya rubuta masa wani abu a ƙura. Na leƙa. Ya rubuta cewa na kira sunansa a gaban mutane.

Ɗana ya daɗe yana kallon rubutun. Ya ɗago ya ce, a karon nan a hankali, "Da gaske, Inna?" Na juya fuskata bango. Ya ce, "Ki sake in gani." Ban iya ba. Ya jira, ya jira, sannan ya ɗauki buta ya fita.

Washegari na yi sallar asuba, na aro salular Ɗanlami na kira lambar da ke bakin zanena. Na ce wa Rabi ta nemi wanda zai shuka gonar a raba, ba za mu zo bana ba, saƙo zai ci gaba da zuwa. Na ce ta ba ni Zule. Yarinyar ta yi ta ba ni labarin wata akuyar maƙwabta da ta ci sabulu, na bar ta ta faɗa har ƙarshe, na ce ta sake daga farko.

Daga nan na ɗaura zanena na tafi garaji. Na tarar da ɗana a bakin ƙofa ya riga ni, ya tare hanya da jikinsa. Na tsaya ina kallonsa har ya gaji ya matsa. An riga an hau da wata farar mota kan ganga. Na ciro tiyon daga ƙusa, na goge bakinsa da gefen mayafina. Ya tsuguna yana ɗaure ɗamarar gaba, ya ba ni baya. Kafin in cusa tiyon, na faɗi sunansa sau ɗaya, da muryata ta kullum, don in ji yadda yake fita tun ina ji. Sannan na yi wa mudir alama ya tayar.